Wasiƙar godiya ga masu gyaran kwamfuta na unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum malamai,

Mu masu buga takardun ɗalibai da na ofisoshi muna yi muku godiya a bainar jama'a. Da manhajar rubutu ta riƙa nauyi tana daskarewa in an daɗe ana gyaran kundi, ba ku ce a sayi ƙarin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ba, ba ku kuma ce a goge komai a sake ɗora Windows ba. Kun ce sai an sa matsalar ta maimaita kanta a gaban ido tukuna.

Matsalar da kuka gano ita ce yoyon ƙwaƙwalwa, wato manhaja ta karɓi wuri a RAM don wani aiki, ta gama, ta ƙi sakin wurin. A kwamfuta mai giga 4, da RAM ta cika sai Windows ta koma ajiya a faifai, shi ya sa harafi ɗaya ke ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya fito. Ƙarin RAM jinkirta ranar kawai yake yi.

Hanyarku muke so abokan sana'a su riƙe. A kashe duk ƙarin manhajojin da aka maƙala, a buɗe takarda ɗaya mai shafi 50, a danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe jerin manhajojin da ke aiki, a rubuta adadin RAM da manhajar ke ci. Sai a zaɓi rubutun duka da Ctrl+A, a kaurara shi da Ctrl+B, a mayar, sau 100, a sake rubuta adadin. A yi haka zagaye biyar, abu ɗaya tak ake canzawa: yau kaurin harafi, gobe irin harafin, jibi tazarar layi. In an haɗa su ba a gane mai laifi.

Inda kuka fi burge mu shi ne nan: hauhawar adadi ba ita ce hujja ba. Manhaja tana ajiye kowane canji domin Ctrl+Z ya iya komawa baya, kuma wannan cin halal ne. Don haka a rufe takardar, a bar manhajar a buɗe, a jira minti biyu. In adadin ya sauko kusa da farko, tarihin gyara ne. In ya tsaya sama, kuma kowane zagaye yana ƙara kusan daidai da na baya, yoyo ne. Masu gaggawa da yawa nan suke ruɗewa.

Kun kuma tabbatar da yoyon a Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, da Valgrind, wanda ke nuna wurin da aka karɓa aka rasa hanyar sakinsa, ko da yake yana sa manhaja tafiyar hawainiya. Sannan kuka haɗa takardar gwajin, lambar sigar manhajar da jerin adadin, kuka aika wa masu ƙera ta.

Kafin gyara ya zo, muna bin shawararku: rubutun intanet a liƙa shi ba ado, a yi aiki da salon sakin layi maimakon gyaran hannu, a adana a rufe manhajar lokacin sallar azahar.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Masu buga takardu, Maraɗi