Amsa Ga Sarkin Samari Kan Kuɗin Sintiri

Ɗana Sarkin Samari, assalamu alaikum.

Ranar Juma'a a ƙofar gidan Dagaci ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: "Malam, kuɗin da muka tara gida-gida don sintiri, don me za ka ce a raba biyu a sayi injin ban-ruwa, a ba yaran da su ne ke kwashe mana awaki?" Wuri ya kaure da surutu, aka kira La'asar, ban samu ba ka amsa ba. Ga ta a rubuce, kowa ya gani.

Ban ce a daina sintiri ba. Ni ma na biya nawa, kuma tun da kuka fara zagaye da fitila da usur, matan unguwarmu sun daina kwana da awaki a ɗaki. Gwamnatoci ma sun yarda ɗan gari ya fi baƙo sanin lungu, shi ya sa Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024. Sai dai ka tuna yadda ta kaya a Zamfara tun farko. 'Yan sa-kai sun taso don kare dukiyarsu, daga baya wasu suka koma kama mutum a kasuwa su yanke masa hukunci nan take. Dangi suka shiga daji neman fansa, wutar kuwa har yau ba ta mutu ba. Don haka na dage: duk wanda kuka kama, a kai shi gaban Dagaci, daga nan sai caji ofis. Ba duka, ba ɗaurewa a bishiya.

Ka san yaron da aka kama bara da akuya. Ni na koyar da shi a aji huɗu, babu wanda ya kai shi lissafi. Aka yi masa dukan kawo wuƙa, aka zagaya gari da shi yara na bin sa da ihu, ni kuma ina tsaye ban ce uffan ba, abin da har gobe ke ci mini rai. Bayan kwana uku ya ɓace. Uwarsa takan tare ni a hanya ta tambaye ni ko na ji labarinsa.

Duba lokacin da sata ke yawaita. Daga an kai amfani gida har faɗuwar ruwa, wata shida ko bakwai ne babu aikin gona. Mai kuɗin mota ya tafi cin rani Kano ko Abuja, ragowar suna majalisa daga hantsi zuwa dare, mai ƙwaya kuma ya san inda suke. An haramta maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramol da sholisho ba su bar ƙauye ba. Wanda ya sha yau dole gobe ya nemo kuɗi, akuyar maƙwabci kuwa ita ta fi kusa.

Ga fadamarmu nan kwance duk rani, ruwa ba nisa. Inji ɗaya zai ishi yara biyar su yi albasa da tumatir da attaruhu. Kuma ba kyauta na ce ba, rance ne, a biya bayan an ɗebe amfani, uba da mai unguwa su tsaya wa kowane yaro. Za ka ce wani zai sayar ya gudu. Yana yiwuwa, shi ya sa na ce biyar-biyar, huɗu su sa wa ɗaya ido. Wanda noma bai kwanta masa ba a haɗa shi da makaniki ko tela ko mai walda, ƙungiya ta ɗauki abincinsa na rana.

Sarautar da ke kanka ma tushenta ke nan. Sarkin samarin zamaninmu shi ke tara mu gayya, a nome gonar gwauruwa, a gyara rijiya, a share maƙabarta, kuma ya san wanda bai fito ba, ya bi shi har gida ya ji dalili.

Juma'a mai zuwa zan zo da littafin asusu a ƙirga kuɗin gaban kowa. Kai kuma ka rubuto sunayen yara goma da ka fi zargi, ka miƙa wa Dagaci hannu da hannu, kada a karanta a bainar jama'a. Da su nake so mu fara.

Naka,
Malaminka, sakataren ƙungiyar ci gaban gari