Zuwa ga Malam Habu, a kan musunmu na ranar da yaƙin Japan ya ƙare

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin can? Ka tuna musun da muka yi a ƙofar gidanku, kana cewa 15 ga Agusta yaƙin Japan, wato ɓangarenta na Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙare, ni ina cewa 2 ga Satumba? To, ashe kowa da gaskiyarsa.

Ranar 15 ga Agustan 1945 da tsakar rana Sarki Hirohito na Japan ya yi jawabi ta rediyo cewa a ajiye makamai. Sai dai sojojinsa na warwatse daga Manchuriya har tsibiran Fasifik, dole aka tura 'ya'yan gidan sarauta zuwa Sin da Saigon su kai umarnin baki da baki. Wakilan da za su tsara yadda za a miƙa wuya kuwa, ranar 19 ga wata suka tashi cikin jirage biyu da aka shafe da farin fenti, aka zana musu koren gicciye don kada a harbo su. Daga tsibirin Ie Shima Amurkawa suka kai su Manila.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne umarnin Janar MacArthur na Amurka: kada wani kwamanda ya karɓi saranda a yankinsa sai an sa hannu a Tokyo tukuna. Guguwa kuma ta zo ta ɗage zaman sa hannun daga 31 ga Agusta zuwa 2 ga Satumba, a kan jirgin ruwan Missouri. Jiragen ruwan kwamanda Mountbatten na Ingila sun riga sun kama hanya, haka suka yi ta jira a teku, alhali fursunonin yaƙi na fama da yunwa da cuta a sansanonin Japan. Ni dai ban ga hikimar wannan jinkirin ba. A Nanjin ta ƙasar Sin ba a miƙa wuya ba sai 9 ga Satumba, a Singafo sai 12. Sukarno, jagoran 'yan kishin ƙasar Indonisiya, bai jira kowa ba, tun 17 ga Agusta ya ayyana 'yancin Indonisiya.

Shi ya sa marigayi kakanmu, da ya yi yaƙin Boma, in an tambaye shi ranar sai ya yi dariya. Shi a wajensa yaƙi bai ƙare ba sai 1946, da aka samu jirgin da ya kawo su Ikko.

Ka gaishe min da Hajiya da yara. Goron da na yi maka alkawari na nan tafe.

Naka,
Sani