Bashi ba ya kai mutum bayan kanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: tsare mutane a ofisoshin 'yan sanda saboda bashi, da kama wani a madadin wani, alhali doka da kotunan ƙasar nan sun daɗe da raba gardama a kai. Tafintan kotu ne ni har na yi ritaya, kuma wannan magana na sha juya ta zuwa Hausa daga bakin alƙalai.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ɓoye komai ba. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotu cikin nisan kilomita 40, kwana ɗaya aka ba hukuma ta gurfanar da shi. To, wace unguwa ce a Zariya, daga Sabon Gari zuwa Samaru zuwa cikin Birni, ta yi wa kotu nisan kilomita 40? Sashen ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya, kuma a ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Duk da haka, ga abin da ya sami maƙwabcina, tela ne mai shago ɗan ƙarami. Ƙaninsa ya karɓi taki bashi, damina ta ƙi, ya tsallake ya tafi Kudu neman kuɗi. Mai taki ya kai ƙara wani ofishin 'yan sanda, aka zo ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗauki telan da tef a wuyansa. Kowa ya san hikimar kamun Juma'a: kotu ba ta zama sai Litinin. Matarsa ta yi ta jigilar kwanon tuwo, tana zama a benci a ƙarƙashin takardar da aka manna a bango cewa beli kyauta ne. Bai fito ba sai da ya sa hannu a takarda cewa shi zai biya, aka sayar da keken ɗinkinsa ɗaya aka kai kafin alƙalami. Da na ce masa a je Babbar Kotu, sai ya ce, "Baba, wa ya isa ya yi shari'a da hukuma?"

Mutane sun yi, kuma sun ci. A 1980 gwamnatin Shagari ta sa aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi iyaka zuwa Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korar ta saɓa wa 'yancinsa, ta kuma sa a biya shi diyya. Gwamnatin tarayya ce fa sukutum aka kayar. Bayan 'yan sanda sun tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa a 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. A kan bashi kuwa, Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Diamond Bank da Opara a 2018 cewa EFCC ba hukumar karɓo bashi ba ce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun haramta kama mutum a madadin wani, sun kuma haramta kamu a kan saɓa yarjejeniyar ciniki.

Ba na wanke kotunan gaba ɗaya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 a shari'ar Lufadeju da Johnson, wanda ya amince majistare ya aika mutum gidan yari a kan laifin da ba shi da hurumin sauraro, har gobe bai kwanta mini ba. Na ga samari da aka tura "ajiya" ta wannan hanya, fayil ya kwanta ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, iyaye suna zarya har ƙafa ta gaji.

Akwai kuma abin da mu Zazzagawa ba za mu yi kamar ba mu gani ba. A Disamba 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ba da umarnin a saki Shaikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, a biya kowannensu naira miliyan 25. Ba a sake su ba sai a Yuli 2021, da Babbar Kotun Kaduna ta sallame su. Ni ba ɗan ƙungiyarsa ba ne, saɓanina da su ma sananne ne a unguwarmu. Amma idan manya a Abuja suka take hukuncin alƙali ba abin da ya same su, me zai sa kofur a kanta ya ji tsoron sashe na 35? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware shafi duk mako da za a riƙa fayyace irin waɗannan hukunce-hukunce da Hausa. Malamai da ɗaliban shari'a na ABU da ke Kongo ba za su ƙi ba ka hannu ba. A fara da sanar da mutane cewa sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya buɗe musu ƙofar Babbar Kotu, cewa ƙa'idojin kotu na 2009 kan ƙarar take haƙƙin ɗan Adam sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana tsaya wa marasa hali kyauta. Sannan ka aiko wakilinka Zariya ya bincika mana ko ana kai ziyarar wata-wata da doka ta ɗora wa majistarori zuwa ofisoshin 'yan sanda, da abin da suke tararwa idan sun je.

Wassalam.

Naka,
Tsohon tafintan kotu,
Tudun Wada, Zariya