Wasiƙar Godiya ga Sashen Ba da Shawara na Asibitin Noma, Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni kawu ne ga wata yarinya 'yar shekara bakwai daga ƙasar Gwadabawa, ɗiyar ƙanwata, wadda ta yi jinyar zaizayar baki, ciwon da likitoci ke kira noma, a hannunku. Likitocin da suka yi mata aiki mun gode musu ido da ido, kuma sun cancanta. Wannan takarda ta ku ce, ku da kuke zama da yara da iyayensu mata kuna saurarensu, domin aikinku ba ya fitowa a hoto, ba kuma kowa ne yake tunawa da ku ba ranar sallama.

Ciwon ya kama ta ne bayan ta tashi daga ƙyanda, jikinta duk ya zube. Dasashi ya kumbura, baki ya soma wari, kafin a farga kumatu ya huje. Daga baya ne muka ji cewa haka yake yi: yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ya fi kamawa, musamman masu tamowa, kuma in ba a yi magani ba cikin goma tara ba sa tashi. Da an kai ta tun dasashin yana kumburi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki sun isa. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta rayu.

Amma yarinyar da ta rayu ba ita ce wadda muka sani ba. Ta daina zuwa makarantar allo saboda sunan da yara suka laƙaba mata. Mayafi ba ya barin fuskarta ko da barci take. In an zuba mata tuwo sai ta juya ta fuskanci bango kafin ta ci. Uwarta kuwa kullum cikin kuka, domin a gari wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sakacinta ne.

Abin da na gani ranar farko shi ya sa na ɗauki alƙalami. Malamar da ta karɓe mu ba ta ce mata ta buɗe fuska ba. Ta zauna kusa da ita a ƙasa, ta ajiye takarda da fensir masu launi, ta kama zanenta ita ma, ba ta tambaye ta komai ba. Can sai ga hannu ya fito daga cikin mayafi ya ɗauki jan fensir. Ƙanwata ta kama hannuna ta matse, ba ta iya cewa uffan ba.

Da lokacin aiki ya matso, da 'yar tsana kuka nuna mata abin da za a yi: ga inda za a sa maganin barci, ga bandejin da za ta farka da shi, ga dalilin da za a ba ta abinci mai ruwa-ruwa. Kun gargaɗe mu kada mu ce mata ba zai yi zafi ba, domin yaron da aka yi wa ƙarya sau ɗaya ba zai sake yarda da babba ba. Kun hana mu yin zancen fuskarta a gabanta kamar ba ta nan. Madubi kuma kun ce a bari sai ranar da ta nema da kanta. Mu mutanen karkara mun saba cewa yaro ba ya da damuwa, ci da wasa ne nasa. Ba gaskiya ba ne. Yana da ita, bakin faɗa ne ba ya da shi.

Uwar ma ba ku bar ta ba. Kun haɗa ta da sauran iyaye mata da suka zo daga Kebbi da Zamfara da ma Nijar, kowace da irin nata labarin, kuka maimaita mata cewa ba laifinta ba ne har maganar ta zauna mata. Yaro yana karanta fuskar uwarsa; da hankalinta ya kwanta, na ɗiyar ya biyo baya.

Duk wannan ba a karɓi ko kwabo a hannunmu ba. Muna godiya ga hukumar asibitin, da ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki tare da ita tun 2014. Mun yi farin ciki da jin cewa a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Roƙona ga gwamnatin jiha shi ne, in ana lissafin likitoci da magunguna, a riƙa sa masu irin aikinku cikin lissafin, a kuma horar da wasu domin asibitocin ƙananan hukumomi.

Yarinyar ta koma makaranta. Akwai sauran aiki guda da za a yi mata, kuma ita ce ke tambayar yaushe za mu koma Sakkwato.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya raya muku zuri'a, Ya jiƙan magabatanku.

Naku mai godiya,
Wani kawu daga Gwadabawa