Wasiƙa daga Yamai kan maganar injin walda

Yamai, unguwar Bukoki

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan zama a can Abijan. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ka sani. Saƙonka ya iso, na kuma ji shawarar da kake nema, wato ko ka sayi ƙaramin injin walda irin nawa ka aika wa babban yaronka a Tawa tunda ya bar lakkol yana zaune. Amsata ita ce ka saya. Amma kada kuɗin duka su ƙare a kan injin, kuma kada a miƙa masa shi a ce je ka koya da kanka.

Ka tuna irin tsofaffin injinan da masu walda ke ajiyewa bakin hanya, waɗanda sai mutum biyu sun kama kafin su ɗaga? Nauyin nasu duk na taransifoma ne, ƙarfe da waya naɗe. Wannan sabon yana karɓar kuran na gida, bolt 220, ya juya shi ta cikin ƙananan na'urori masu kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, shi ya sa taransifomarsa ƴar ƙarama ce. Nawa bai kai kilo biyar ba, da igiyarsa nake rataya shi a kafaɗa. Wutarsa kuma tana da laushi, ba ta fizga, wanda hakan alheri ne ga mai koyo. Da shi na gyara ƙyauren gidanmu da ya saki, na haɗa teburin da uwargida ke ɗora tukwane, na kuma yi wa tagar ɗakin yara sanduna.

In ka shiga kasuwa za ka ga an rubuta ampiya 250 ko 300 da manyan lambobi a jikin masu arha. Kada wannan ya ruɗe ka. Yi lissafi da kanka: soket na gida mai ampiya 16 a kan bolt 220 ba ya ba da abin da ya wuce wat 3,500 da ƴan kai, alhali walda a ampiya 300 tana bukatar fiye da wat 9,000. Daga ina sauran za su fito? Yaron kuma ba ya bukatar su. Bageti, wato sandar da ake narkarwa a haɗa ƙarfe, mai kaurin milimita 2.5, irin wanda aka rubuta wa 6013, yana narkewa da kyau tsakanin ampiya 60 zuwa 90, kuma shi ne abincin aikin gida. Mai kauri 3.2 yana son wajen 90 zuwa 130, sai ga ƙarfe mai nama. Yaro ya fara da 2.5 ya daɗe a kansa.

Abin da ya kamata ka duba a jikin injin shi ne ɗan allon nan na baya, inda ake rubuta kashi cikin ɗari. Ma'anarsa, a cikin kowane minti goma, minti nawa zai yi aiki kafin ya nemi hutu. In an sa kashi 30, to minti uku ne aiki, bakwai hutu. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don a watan Afrilu da Mayu zafin Tawa da Yamai yana haura digiri 40, iskar da fankar injin ke ja ma mai zafi ce. In fitilar gargaɗi ta kama, a ajiye bageti a bar injin a kunne fankarsa ta sanyaya shi. Ni da sassafe nake aikina ko bayan la'asar, a inuwa. Ƙura ma abokiyar gabarsa ce, musamman lokacin hunturu da kuma ƙurar ƙarfe in ana gurza kusa da shi. A ɗora shi a kan benci, a rufe shi in an gama.

Sai maganar waya. Wayar jan wuta sirara irin ta caji ko ta fanka ba ta ɗaukar wannan aiki, zafi take yi, wutar kuma ta iso injin a raunane, bageti ya riƙa mannewa. A nemi mai kauri wadda aka rubuta wa 2.5, gajeruwa gwargwadon hali, a warware ta gaba ɗaya. A kuma duba ƙarfin kwantar gidan kafin a saya, kada ya zama duk sanda yaro ya taɓa ƙarfe sai gida ya yi duhu. In za a sa injin a gurup, wato janareto, ƙaramin gurup na kunna fitila da talabijin ba zai iya ba, hawa da saukar wutarsa kuma na iya ƙona na'urorin ciki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ido. Ina ganin samari a gari suna walda da tabarau na rana, wasu ma runtse ido kawai suke yi, raina yana ɓaci. Hasken nan yana ƙona fatar ido, kuma ciwon ba ya tashi nan take, sai cikin dare mutum ya farka ido ja, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Ka saya masa abin rufe fuska na gaske mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Riga ta auduga mai dogon hannu zai sa, don ta leda narkewa take a jiki. In ido ya kama, likita za a je, kada a ɗiga masa komai na gida. Ƙannensa kuma a kore su daga wurin, yara suna son kallon tartsatsi.

Ka ja masa kunne da bakinka, don maganar uba ta fi tawa nauyi: kada ya kusanci tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar esansi, ko da an ce an wanke, kada ya taɓa tulun gas. Da damina kada ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana aiki. Ƙarfe mai farin shafi irin na bututun ruwa hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, sai a fili inda iska ke kaɗawa. Abin da rai ya rataya a kansa, kamar ƙashin babur, gatarin amalanke ko ƙarfen da zai ɗauki rufi, a kai wa gwani tukuna.

Hannu kuwa ba a sayensa. Tayar da wutar kamar ƙyasta ashana ne, a goga a ɗan ɗaga, sannan a riƙe tazarar da ba ta wuce kaurin bagetin ba, ana tafiya a hankali. Faɗa da baki sauƙi gare shi. Ni abin da ya taimake ni shi ne zama wurin wani dattijo mai walda kusa da kasuwar Katako, inda nake sayen guntayen ƙarfe a kilo. Shi ya nuna mini a kankare tsatsa da fenti kafin a kama mas, wato maƙalin wayar injin da ake maƙalawa a jikin ƙarfen, a fara ɗiga walda a kusurwoyi kafin a ja layi don kada ƙarfe ya karkace, a kuma buge ɓawon a duba abin da ke ƙasa. Bututu mai kusurwa huɗu da ake ƙofofi da shi siriri ne, saurin hujewa gare shi, sai da ɗigo-ɗigo. Don haka yaro ya fara a kan ƙarfe mai kauri. Ka sa baffansa ya nema masa maigida a cikin masu walda na Tawa, ya riƙa zuwa da safe, injin gida ya zama na maimaita abin da ya gani.

In ka yanke shawara, ka turo mini hoton allon bayan injin kafin ka biya, in duba maka. Bageti da waya kada ka wahala ka ɗauko daga can, zan saya a nan in ba mota mai zuwa Tawa.

Ka gaida mini uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, tana tambayar ko za ka zo mana babbar salla. Allah ya tsare, ya sa albarka a nema.

Naka amini,
daga Yamai