Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi SAN

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, barka da aiki.

Magana ce a kan wata ɗabi'a da gwamnatin tarayya ta daɗe tana yi tun kafin ka hau kujerar nan, wato a damƙe mutum a tsallaka iyaka da shi, ko a shigo da shi ko a fitar da shi, alƙali bai ko ga fuskarsa ba. Kuma ofishinka ne doka ta ɗora wa alhakin shigar da buƙatar miƙa mai laifi gaban kotu, shi ya sa na ce kai zan rubuta wa.

Manyanmu ba su manta da Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri, ba. A 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci aka cusa shi a akwati, da likita a ciki tare da shi, an rubuta adireshin ma'aikatar harkokin waje ta Legas a jiki, sai a filin jirgin Stansted jami'an kwastam suka buɗe. To wannan mulkin soja ne, a ce an wuce wajen. Amma me za a ce da Janairun 2018, muna tsakiyar dimokuraɗiyya, da aka kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru, da abokansa a otal ɗin Nera a Abuja, kafin wata ya ƙare sai ga su a Yawunde, mutum 47 aka miƙa wa Kamaru, cikinsu har da masu neman mafaka da malaman da ke koyarwa a jami'o'inmu. A Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce wannan miƙawar ta saɓa doka, a dawo da su a biya su diyya. Ba a dawo da kowa ba. A watan Agusta na 2019 ɗin kotun soja can Kamaru ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai.

Sai kuma Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar ɓallewar Biyafara, da aka ɗauko daga Kenya a 2021. Ni wallahi ba na ƙaunar siyasarsa, kuma na san da yawa a arewa sun ji daɗi ranar da aka nuna hotonsa da ankwa, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2022 ta ce hanyar da aka bi aka kawo shi haramtacciya ce, ita ma Kotun Ƙoli da ta ce a ci gaba da shari'a a 2023 ai sai da ta soki yadda gwamnati ta yi da shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an san hanyar fa. Da Amurka ta nemi a ba ta babban jami'in 'yan sanda Abba Kyari ai kotu aka je, lauyoyi suka fafata, alƙali ya yi watsi da buƙatar a 2022. Kenan in mutum na da gata a gwamnati akwai doka, in ba shi da kowa sai dai jirgi da daddare.

Ranka ya daɗe, hannun da ya saba tsallake kotu a waje ba ya tsayawa a waje. Mun ga Sambo Dasuki ya yi shekara huɗu a tsare ana ba da beli ana ƙin sakinsa, har kotun ECOWAS ta yi magana aka toshe kunne. Mun ga yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, aka kai su Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa a Nuwamba 2024, duk sun rame ƙasusuwa a waje, wasu suka zube a gaban alƙali, aka ce belin kowane naira miliyan 10, yaron da ko takalmin kirki babu a ƙafarsa. Sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su, wato dai ran yaro ya koma hannun umarnin mutum ɗaya. Sannan a Maris 2025 aka ayyana dokar ta-ɓaci aka dakatar da gwamnan Ribas da majalisarsa wata shida, kundin tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar tarayya sun amince, su kuwa suka yi ta da ƙuri'ar murya, ba wanda ya ƙirga kawuna, kai kuma ka fito ka kare matakin.

Mu da ke da 'yan uwa a Maraɗi da Garwa da Jamaina, kullum muna tsallaka iyaka don fatauci da biki da jana'iza, abin nan ya shafe mu kai tsaye. Ba wanda ya ce kada jami'an tsaro su haɗa kai a kan 'yan bindiga da Boko Haram, muna so ma. Amma ka fito ka faɗa a rubuce cewa ba za a ƙara miƙa kowa ko karɓo kowa ba sai an gurfanar da shi gaban alƙali da lauyansa. Kuma hukuncin 2019 ɗin nan yana nan a rubuce, ka gaya wa 'yan Najeriya abin da ofishinka zai yi da shi.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Wani ɗan ƙasa daga Kano