Kafin a miƙa wa ofishin lauyoyi lambar yabo, a buɗe fayil a duba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a shafinka in yi tsokaci kan labaran da jaridu ke yawan bugawa na karrama ofisoshin lauyoyi saboda aikin kyauta da suka yi wa marasa hali, abin da lauyoyi ke kira pro bono. Yabon gwani ya zama dole, ban kuma zo in rage wa kowa lada ba. Abin da ya dame ni shi ne mudun da ake awo da shi. Kusan kowane labari irin wannan lissafi ɗaya yake ɗauke da shi, wato ofishi kaza ya ba da awa dubu kaza a bana. Sai hoton miƙa kambu, labari ya ƙare.

Awa ba a banza ta samu wannan matsayi ba, da ita manyan ofisoshi ke lissafin kuɗin aikinsu. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, a ƙa'idarta mai lamba 6.1, ta nemi kowane lauya ya yi ƙoƙarin ba da awa 50 a shekara, buri ne ba tilas ba. A Ostareliya burin awa 35 ne ga kowane lauya, tun 2007. Jihar New York ta zarce nan, domin daga 2015 ba a rantsar da sabon lauya sai ya nuna shaidar awa 50 na aikin kyauta. Akwai kuma alkawarin da manyan ofisoshin Amurka ke sa wa hannu tun 1993, na ware kashi 3 ko kashi 5 cikin ɗari na awannin da suke karɓar kuɗi a kansu. Waɗannan duka sun yi amfani, sun fitar da aikin daga hannun masu tausayi ɗaiɗaiku suka mai da shi tsarin ofis.

To amma awa tana da ɓoye aibi. Mu ɗauki misali, ofishi mai lauya 200 ya ce ya yi awa 10,000. In an raba, kowa ya tashi da 50, an cika buri ke nan. Alhali yana iya yiwuwa ƙananan lauyoyi 20 ne suka ɗauki nauyin duka, kowa awa 500, manyan kuwa ba wanda ya taɓa fayil ɗaya. Sannan me aka zuba a cikin lissafin? Wasu kan haɗa da zaman kwamitin makarantar da 'ya'yansu ke karatu, da lacca a taron lauyoyi, da shari'ar da aka ɗauka bisa sharaɗin in an ci a raba kuɗi, da ma aikin da aka yi don kuɗi amma mai shi ya ƙi biya. Ko ɗaya cikinsu ba aikin kyauta ga mara hali ba ne. Wani abin kuma, sabon lauya da ba a duba aikinsa zai iya ƙona awa 40 a kan abin da gogagge zai gama a awa 5, lissafi ya yi ƙiba, mai ƙara kuwa yana nan inda yake.

In ana son sanin gaskiyar ofishi, a ciro fayil ɗaya a buɗe. Abu na farko da ya kamata a gani shi ne shaidar an bincika ko ofishin yana yi wa abokin shari'ar aiki. A nan manyan ofisoshi ke yawan cijewa, domin ofishin da bankuna da masu gidajen haya da manyan kamfanoni ke ba shi aiki ba zai iya kare ma'aikacin da ɗayansu ya kora ba, ko ɗan hayan da ɗayansu ke son fitarwa. In ba a yi wannan binciken ranar farko ba, sai tafiya ta yi nisa a gane, lauya ya janye, talaka ya koma neman wani bayan an ci masa wata uku.

Bayan wannan sai takardar yarjejeniya. Mutane da yawa na ganin tunda ba kuɗi a tsakani ba a bukatarta, alhali nan ta fi muhimmanci. Dole ta faɗi iyakar aikin: shawara ce kawai, ko rubuta wasiƙa, ko tsayawa a kotu har hukunci, kuma ɗaukaka ƙara na ciki ko ba ya ciki. Dole kuma ta faɗi wa zai biya kuɗaɗen da ba ladan lauya ba ne. Wannan ne ramin da ya fi cinye shari'o'in kyauta. Lauya ya yafe ladansa, amma kuɗin shigar da ƙara, da na kai sammaci, da na tafinta, da rahoton likita ko na wani ƙwararre, da motar shaidu, da haɗa kundin shari'a don kotun gaba, ba wanda ya yafe su. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ofishin da ya ware asusu na musamman don waɗannan, ko ya san yadda ake roƙon kotu ta yafe kuɗin rajista inda doka ta yarda, ya fi wanda ya tara awa cancantar kambu.

Daga nan a duba cikin bangon fayil, inda ake rubuta ranaku. Wa'adi ba ya tausayin kowa. A kotunan tarayya na Amurka, wanda aka samu da laifi kwana 14 gare shi ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara. A Ingila, a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 21 ne bisa ƙa'ida. Kowace ƙasa kuma tana da iyakar shekarun da mutum zai iya kai ƙara bayan an cuce shi. Yadda fayil na kyauta ke mutuwa sananne ne: ranar zama ta zo daidai da ta babban mai biya, a nemi a ɗage, a sake ɗagewa, sai lauyan da ke riƙe da shi ya canja wurin aiki, ba takardar miƙa aiki, ba wanda ya san wa'adi saura kwana huɗu. Maganin ba tsada gare shi. A sa fayil ɗin a rajistar ofis da lambarsa kamar kowane fayil, ranakunsa su shiga jadawalin ofis ba wayar mutum ɗaya ba, a rubuta sunan babban lauya mai sa ido tare da na ƙaramin, a kuma tabbatar inshorar kuskuren aiki ta ofishin ta haɗa da shi. Wanda ya biya in aka yi masa sakaci yana da ƙarfin ɗaukar wani lauya ya bi hakkinsa. Wanda aka yi wa kyauta yawanci ko ƙorafi kunyar yi yake, yana ganin da babu gara ba daɗi.

Masu raba lambar yabo su ma suna da nasu laifin, domin ido ya fi zuwa kan shari'ar da ta yi amo, irin wadda ke kaiwa kotun ƙoli a yi ta magana a rediyo. Ba na raina su, hukunci ɗaya na iya sauya rayuwar dubbai, kamar na kotun ƙolin Amurka a shari'ar wani mai suna Gideon a 1963 da ya wajabta wa jihohin Amurka ba talaka lauya a manyan laifuka. Amma mafi yawan bukata ba ta da hoto: beli, hakkin ma'aikaci da aka riƙe, rabon gado, riƙon yara, takardun ɗan gudun hijira. Kambu in ya ci gaba da bin amo, ofisoshi ma amon za su bi. Sannan duk lokacin da ofishi zai sa labarin wanda ya kare a takardar neman lambar yabo, sai da izininsa a rubuce, domin sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta ba ya faɗuwa don aikin kyauta ne.

Akwai dokoki biyu da nake ganin sun fi kusa da daidai. Dokar ba da agajin shari'a ta Najeriya ta 2011 ta ce mai neman muƙamin babban lauya na SAN sai ya nuna ya gudanar da aƙalla shari'a uku na kyauta da himma a shekarar da ta gabaci nemansa. Shari'a aka ƙirga, aka kuma sa sharaɗin himma. A Ingila kuwa dokar ayyukan lauyoyi ta 2007 ta ba kotu ikon umartar wanda ya sha kaye ya biya kuɗin lauya ko da kyauta aka yi aikin, kuɗin ya tafi gidauniyar tallafa wa masu neman adalci. Hakan na hana mai ƙarfi jan shari'a da tunanin ba abin da zai yi asara. A kuma tuna cewa a Ingilar aka zabtare agajin shari'a na gwamnati daga Afrilun 2013, musamman a lamuran iyali da bashi da tallafin jin daɗin jama'a, kuma aikin sa-kai na lauyoyi bai cike gurbin ba. Kada bikin karramawa ya zama mayafin da gwamnati za ta lulluɓa da shi.

Roƙona, Malam Edita, idan wakilinka ya je irin wannan biki, ya wuce tambayar awa nawa. Ya tambayi shari'a nawa aka buɗe kuma nawa aka kai ƙarshe, lauya nawa cikin ɗari suka sa hannu, manya nawa ne a cikinsu, nawa ofishin ya kashe daga aljihunsa, mutum nawa aka mayar kuma ina aka tura su. Ya kuma tambayi alƙalan gasar ko sun ji ta bakin mutum ɗaya cikin waɗanda aka yi wa aikin, a inda lauyansa ba ya wurin.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai karanta jaridarku